Wa ya dace ya fito a matsayin shugaban da ake cece-kuce a kansa?

Tambaya: Salam malam. In za a maida littafin tarihin wani shugaban ƙasa fim, irin wanda wasu ke yabo wasu ke tsine wa, wa za a ɗauka, mai kama da shi ko babban jarumin da zai ja kasuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ni dai kama ita ce ƙarshen abin da nake dubawa, don masu kwalliya za su gyara hanci su ƙara tumbi su sa furfura. Murya da tafiya da irin kallon da mutum ke wa na ƙasa da shi kuwa, ba a liƙa su.

Jarumi Anthony Hopkins bai yi kama da tsohon shugaban Amurka Nixon ba ko kaɗan, amma da ya fito a matsayinsa a 1995 ya duƙar da kafaɗu yana murmushin nan na dole, sai ga shi cikin 'yan takarar Oscar, babbar lambar yabo ta fina-finai a Amurka.

Toh amma ka duba Forest Whitaker da ya fito a Idi Amin, tsohon shugaban Uganda, a 2006, duk da shi fim ɗin daga ƙagaggen labari aka ɗauko. Har Uganda ya je, ya koyi Swahili, ya zauna da waɗanda suka san mutumin. Za ka gan shi yana ƙyalƙyala dariya yana rungume mutum, kafin ka ƙifta ido fuskar ta murtuke ɗakin ya yi tsit, kuma ya ci Oscar ɗin a 2007. Nan wahalar take, in ka fito da Amin dodo tun farko mai kallo ba zai gane yadda aka yi jama'a suka fito murna ba da ya kifar da gwamnatin shugaba Obote a 1971, in kuma ka cika masa farin jini ka wanke shi kenan, alhali iyalan waɗanda aka kashe suna nan da ransu suna kallo. Wallahi wannan na biyun ya fi damuna, kuma shi ne haɗarin babban jarumi, son da masoyansa ke masa sai ya koma kan shugaban.

Ranar gwaji ka ba kowa wuri biyu daga littafin, ɗaya shugaban yana lallashin talakawa, ɗayan yana sa a kamo amininsa. Wanda ya yi duka biyun ka ga har yanzu mutum ɗaya ne a gabanka, shi za ka ɗauka, ko ba a san sunansa ba.