Zan iya sayar wa kamfanin wuta rarar solata?

Tambaya: Salamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Badariya, Birnin Kebbi. Na kafa farantan sola 10 masu wat 550, kuma kafin azahar batir ya cika, sauran wutar ta tafi a banza. Ɗana da ke karatu a Jamus ya ce a can mutane kan tura rarar ga kamfani a biya su. Mu ma za mu iya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaronka ya faɗi gaskiya. Tun shekarar 2000 Jamus ta yi dokar da ta wajabta karɓar irin wannan wuta, a kan farashi tsayayye na shekara 20. Farantanka kuwa kilowat 5.5 ne, a ranar Kebbi za su iya ba ka yunit 20 zuwa 25 a wuni, don haka dole abin ya dame ka.

Amma don Allah kada ka bari wani mai gyara ya jona maka kai tsaye. Mitar katin da ke bangon gidanka an yi ta ne don ƙirga wutar da ke shigowa. Wasu irinta, in wuta ta bi ta baya, sai su lissafa ta kamar sha ka yi, ka ba da kyauta kuma a cinye maka kati. Ana bukatar mita mai ƙirga shiga da fita, da amincewar kamfanin rarraba wuta a rubuce. A Kebbi, Sakkwato da Zamfara, Kaduna Electric ke nan. Ka je ofishinsu ka tambaya kafin ka kashe ko sisi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rayuwar mutane. Inbata ita ce na'urar da ke mayar da wutar sola irin wadda ake amfani da ita a gida. Wadda aka yi don tura wuta waje tana katse turawa da zarar an ɗauke wuta, kuma da gangan aka yi ta haka. Ka ɗauka ma'aikaci ya kashe layi daga taransifoma, ya hau falwaya da sakankancewar babu komai a waya, ashe gidanka na turo wuta. Wannan kariyar kuma tana nufin duk sa'ar da babu wutar NEPA, babu ciniki, ko da rana ta take.

Da ni ne kai, da a gida zan ci rarar. Ka mayar da ayyuka masu jan wuta tsakanin ƙarfe 11 da 3: famfon burtsatse ya cika tanki, a yi guga, firiza ta daskarar da ƙanƙara. A zafin Afrilu, ƙullin ƙanƙara ba ya kwana a unguwa. In hunturu ya shigo, ka sa yara su riƙa wanke ƙurar farantan da sassafe, kafin gilashin ya ɗauki zafi.