Amsoshin tambayoyinku: Me maza ke nema a kilt, kuma in saya ko in yi haya?

Tambayar wannan makon daga wani ɗalibi ce da ke karatun digiri na biyu a Abadin, ƙasar Sikotilan. Ya ce maƙwabcinsa, dattijo mai jikoki, kullum da kilt yake fita, wato zanen nan na maza mai tsayawa a gwiwa, ko burodi zai sayo. Yana son sanin abin da ke sa namiji ya bar wando ya zaɓi wannan. Kuma abokin karatunsa zai yi aure, ya roƙe shi ya sa irinsa ranar biki: ya saya ne, ko ya yi haya?

Ɗan'uwa, kafin komai, kada bakinka ya kuskure ka kira shi siket a gaban dattijon nan. A can tufar maza ce tun asali. Mutanen tsaunukan arewacin ƙasar sun fara ne da wani makeken bargon ulu, tun ƙarshen ƙarni na 16, su ɗaura rabi a ƙugu su yafa rabi a kafaɗa, da dare ya zama abin rufa. Guntun da kake gani yau daga baya ya fito, a ƙarni na 18. Bayan an murƙushe tawayen mutanen tsaunukan a yaƙin Kuloden, gwamnatin Birtaniya ta kafa doka a 1746 ta hana sa shi, in ban da sojojinta, ba a soke ta ba sai 1782. Da Sarki George na huɗu ya ziyarci Edinbara, babban birnin Sikotilan, a 1822 sanye da shi, sai abin da aka hana jiya ya koma kayan alfarma. Tufar da aka taɓa ƙwace wa kakanninka ba ka sa ta da wasa.

Amma maƙwabcinka na cikin 'yan tsiraru. Yawancin mazan Sikotilan wando suke sawa su tafi aiki, kilt sai ranar aure, ko yaye ɗalibai, ko in ƙungiyar ƙasarsu na buga ƙwallo. Masu sa shi kullum, in ka cire masu busa algaita mai salka da masu yi wa baƙi jagora, galibi dalilinsu bai wuce sakewa ba. Babu matsi a cinya, babu ɗinkin da zai kama ka in ka tsuguna, iska na shiga. Duk wanda ya taɓa ɗaura harami ya san abin da nake nufi. Wannan sakewar ce ta sa wani kamfani a Siyatil ta Amurka, Utilikilts, ya fara ɗinka na auduga mai kauri da manyan aljihuna a shekarar 2000, har kafintoci da makanikai waɗanda ba su haɗa komai da Sikotilan ba suka karɓe shi. Wasu kuma, gaskiya, suna jin daɗin a tsayar da su a hanya a yi musu tambaya.

Batun biki kuwa, ka yi haya. Kilt na gaske yana cin ulu kusan yadi 8, yawancinsa yana tafiya ne a tattarar baya, gaba kuma shafe yake, fuska biyu ɗaya kan ɗaya. Ɗinkin hannu ne, ana jira makonni, kuɗinsa ɗaruruwan fam. Kuma ba shi kaɗai ba ne: ba shi da aljihu, sai ka nemi jakar fatar da ake ratayawa a gaba, ga doguwar safa, ga kwat, ga takalmi. Shagunan haya za su haɗa maka duka su auna ka. Ɗalibin da zai gama ya koma gida, ina zai kai ulu mai nauyin nan a zafin watan Afrilu? Asu ne kawai zai ci riba.

In sun auna ka, za ka ga awon a cibiya ake yi, ba inda wando ke zama ba, tsawon kuma tsakiyar gwiwa. Nan ne nake so ka natsu. In kana kiyaye suturce tsakanin cibiya da gwiwa, faɗa musu su ba ka mai ɗan tsawo, ka sa gajeren wando a ciki, kada ka saurari masu barkwancin cewa ɗan asali ba ya sa komai. Iskar Abadin ba ta da kunya. Wajen zama, ka shafe tattarar da hannu daga baya kafin ka zauna, ka tura gaban tsakanin gwiwoyi. Tattara baya take zuwa. Na sha ganin hotunan baƙi sun juya ta gaba suna murmushi.

Kada launi ya dame ka. Zanen nan mai kama da gidan dara, da yawansa na wani dangi ne, akwai ma ofishin rajistarsu a Edinbara tun 2009, amma babu dokar da ta hana bare sawa. Akwai na kowa da kowa, irin su Black Watch. Mafi sauƙi, tambayi ango wanda ya zaɓa wa abokansa, kamar dai anko.

Wani kuma daga Manchesta ya rubuto cewa ya ga masu araha a intanet, yana so ya gwada sawa a gida da wajen aiki. Irin waɗannan da yawa a Siyalkot ta Pakistan ake ɗinka su, da zaren roba maimakon ulu. Ba laifi don gwaji, sai dai mara nauyi iska na ɗaga shi, tattararsa kuma tana saurin mutuwa. In na kullum kake so, ɗauki na auduga mai aljihu ko na yadin da ake jefawa a injin wanki, domin ulu sai an kai wa masu wankin kwat. Ka auna kanka da tef, kada ka bi lambar wandonka, ta kan gaza awon cibiya da inci biyu ko fiye. Kuma kafin ka shiga ofis da shi, ka fara jin ta bakin shugabanka.