Tambaya da Amsa: Me Ke Tafiya a Cikin Wayar Lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar sakandare ce. Malaminmu na fiziks ya ce ilektiron da ƙyar suke jan jiki a cikin waya. To ya aka yi da na danna makunni sai ƙwai ya kama nan take? Kuma me ya sa littafi ke zana kibiya daga fozitif zuwa negetif, alhali an ce ilektiron akasin haka suke bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Malaminku bai yi kuskure ba. Matsalar ita ce yawancinmu mun ɗauka waya fanko take, sai an kunna wuta ilektiron su taso daga batir su shigo. Ba haka ba ne. Wayar jan ƙarfe cike take da su tun kafin a haɗa ta da komai, domin kusan kowane atom na jan ƙarfe yana sakin ilektiron guda, wato ɗan ƙanƙanin ɓangarensa mai ɗauke da caji, da ke yawo a tsakanin atom ɗin. Aikin batir tura su kawai.

Dubi sarƙar keke. Kina taka feda tayar baya za ta juya, ba sai haƙorin sarƙar da ke gaba ya zagayo baya ba, saboda sarƙar a haɗe take. Haka turin lantarki yake ratsa waya da saurin da ya kusa na haske, wanda ke cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Ilektiron da ke cikin ƙwan su ne ke fara motsi a take.

Su kansu kuwa, bari mu yi lissafi. Amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana, kuma amfiya ɗaya na nufin ilektiron kimanin 6 da sifili 18 a bayansa suna wuce wuri guda kowace daƙiƙa. Adadin da ban tsoro, amma waɗanda ke cikin wayar sun fi haka yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa a waya mai kaurin murabba'in milimita ɗaya, in amfiya ɗaya ke bi, ci gabansu bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita a daƙiƙa ba. A awa guda ko santimita 30 ba za su cika ba. A wutar gida ma ba sa zuwa ko'ina, gaba da baya suke yi sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60.

Batun kibiya kuwa tarihi ne. Benjamin Franklin ya raɗa sunayen fozitif da negetif tun a shekarun 1740, lokacin babu wanda ya san me ke motsi. Sai a 1897 J.J. Thomson ya gano ilektiron a Ingila, aka ga cajinsa negetif ne. A lokacin littattafai da injiniyoyi sun riga sun saba, aka bar kibiyar yadda take. Ni dai ban ga laifin hakan ba. Cajin negetif da ya yi hagu, a lissafi daidai yake da na fozitif da ya yi dama.

Kuma ba ko'ina ilektiron ke ɗaukar caji ba. A ruwan gishiri ayon ne, wato atom da ya rasa ilektiron ko ya samu ƙari. Gishiri haɗin sodiyam da kulorin ne: ayon na sodiyam su nufi negetif, na kulorin su nufi fozitif, lokaci guda. Tataccen ruwa da ƙyar yake ɗaukar wuta, amma zuba masa gishiri ki gani. Jini da gumi suna da irin waɗannan ayon, shi ya sa taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu ya fi haɗari.