Abin da ke wargaza wainar dankali a kasko

Isiyaku, ka ce min: "Oga, me ya sa wainar dankalin da nake yi a gida take wargajewa a kasko, ta sha mai, ta yi duhu, alhali kayan haɗinmu ɗaya?" Kayan haɗi ba su da laifi, ruwa ne kake bari a ciki.

Dankalin Turawa kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, balle sabon haƙa na damina da ake kawowa daga Bokkos da Mangu na jihar Filato wajen Yuli da Agusta, wanda ko da farce ka murza sai ɓawon ya tashi. In ka je kasuwar Farin Gada ta nan Jos nemi wanda ya ɗan kwana biyu, ɓawonsa ya kama jiki. Ko irin dankalin da ake kira Marabel ko Nicola duk za su yi maka. Wanda ya yi kore ko ya tsiro sosai ka bar wa mai shi, yana da ɗaci kuma yana ɓata ciki.

Ka fere, ka wanke tun yana ɗanye guda-guda, sannan ka goga a greta ta ɓangaren manyan ramuka. Bayan gugar kada ruwa ya sake taɓa shi. Na ga yadda kuke yi ku yara, ku goge ku zuba a ruwa wai kada ya yi baƙi, ku tsiyaye, kun zubar da sitacin da zai riƙe wainar ke nan. Duhun nan iska ce ke jawo shi in gogaggen dankali ya daɗe a buɗe, maganinsa hanzari. Ka goga albasa tare da shi, kuma kada ka fara guga sai kasko na kusa.

To ga inda aikin yake. Ka juye shi a ƙyalle mai tsabta, irin na tatar koko, ka tattara bakin ka murɗa a kan kwano. Ka murɗa har hannunka ya yi zafi, in ka ga kamar ya ƙare ka ƙara murɗawa, za ka sha mamakin abin da zai fito. Wannan ruwan kada ka zubar nan take. Bar shi minti 5 ya kwanta, ka tsiyaye na sama a hankali, za ka tarar da wani farin abu ya daskare a gindin kwano, in ka sa yatsa yana ƙara. Sitaci ke nan. Kankare shi ka mayar cikin dankalin. Wanda ya yi haka ba ya buƙatar fulawa da yawa: dankali kilo 1, ƙwai 2, albasa 1, fulawa cokali 2, sai attaruhu daidai bakinka. Masu labta fulawa don ɓoye ruwa, a ganina fanke suke yi, ba wainar dankali ba.

Gishiri da dunƙule su ne na ƙarshe, dab da suya, don gishiri yana sake janyo ruwa. In kana tsaka da suya ka ga ruwa ya taru a gindin roba, matse kowane ɗiba da cokali kafin ka saka.

Man gyaɗa ya rufe gindin kasko kamar kaurin rabin yatsa, ba irin na ƙosai da ake nutsarwa ba. Jefa zare ɗaya na dankali, in ya fara kumfa nan take mai ya yi. In ya kwanta shiru dakata, mai sanyi shi waina ke sha. Zuba cokali guda, danna ta yi faɗi, uku ko huɗu sun isa kasko ɗaya. Daga nan cire hannunka. Minti 3 zuwa 4, sai gefen ya yi ja ta saki kasko da kanta, sannan ka juya sau ɗaya tak. Yawan taɓawa kafin ta kama jikinta yana cikin abin da ke fasa taka.

A Jamus da dafaffen tuffa da aka dama suke cinta. Ni dai ba ni yajin ƙuli da shayi mai kauri, musamman da sanyin Disamba na garin nan. In ka kwashe kada ka jera su kan juna ko ka rufe a kula, tururi zai sa su yi laƙwas. Shimfiɗa su a kwando su tsane, kuma kada ka ɗora kasko sai masu ci sun zauna.