Bashin kamfani da ya durƙushe, a wuyan wa yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokina muna saro albasa daga Aliero muna sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Mun yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Bana kaya sun ruɓe, jari ya karye, ga bashin wani dillali a kanmu. Abokina ya ce bashin na kamfani ne, tunda kamfani ya mutu shi ke nan. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar muku da alheri. Maganar abokinka ba daidai ba ce, bashin nan yana wuyanku.

Abin da kuka yi wa rajista suna ne kawai, irin wanda ake rubutawa a allon shago da rasit. Dokar kamfanoni ta 2020 ba ta raba irin wannan kasuwanci da masu shi ba, don haka ko a kotun Legas ku za a nema. A fiƙihu kuwa tarayya ce ta mutum biyu: riba da asara a mazhabar Malikiyya suna bin gwargwadon jarin kowa. Idan kai ka zuba kashi biyu, shi kashi ɗaya, haka za ku raba nauyin biya.

Akwai wani nau'i daban, kamfani mai iyakantaccen alhaki, wanda doka ke ɗauka tamkar mutum mai zaman kansa, masu bin bashi ba sa wuce dukiyarsa zuwa aljihun masu hannun jari. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta halatta shi a zamanta na Jidda a 1992, bisa dalilin cewa masu hulɗa da shi sun san sharaɗin tun farko, babu yaudara. To, shi wannan dillalin da ke bin ku bashi ya san da wani sharaɗi? Fuskokinku ya gani ya ɗora muku buhuna, ba takardar CAC ba.

Annabi (SAW) ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Idan babu hali yanzu, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta wajabta wa dillalin ya yi muku jinkiri zuwa lokacin sauƙi. Ku same shi tare da shugabannin 'yan albasa na kasuwa, a rubuta adadin da lokutan biya, a sa shaidu biyu. In ya yafe wani abu don kansa, ya halatta ku karɓa.

Wallahu a'alam.