Tambaya da Amsa: Na ba shi masauki don Allah, yanzu ya ƙi tashi

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan makon a kan abu ɗaya suke: mutum ya zauna a gidan wani ko filinsa, an ce ya tashi ya ƙi. Mun zaɓi huɗu, domin kowacce hukuncinta daban ne, kuma cakuɗa su ne yake sa mai gaskiya ya faɗi a kotu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gida a Kubwa. Shekara biyu da suka wuce abokin ƙanena ya zo Abuja neman aiki, na ba shi ɗakin baya ya zauna wata uku kafin ya samu wuri. Ban taɓa karɓar ko kwabo a hannunsa ba, ba mu kuma rubuta komai ba. Yanzu har ya kawo mata, ga ɗana zai yi aure yana buƙatar ɗakin. Kullum na yi magana sai ya ce in sha Allahu ƙarshen wata. Wasu sun ce in sa sabon kwaɗo in ya fita, wasu sun ce in kira 'yan sanda. Tunda ba ɗan haya ba ne, ai ina da ikon fitar da shi ko yau, ko ba haka ba?
— Wani magidanci, Kubwa, Abuja

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya saka maka da alheri a kan abin da ka yi, amma kada ka sa kwaɗon nan. Dokar karɓar gida daga hannun mazauni da ke aiki a Abuja ba ta tsaya kan mai biyan haya kaɗai ba. Ta ce ɗan haya shi ne duk wanda ke zaune a wuri, ko yana biya ko ba ya biya, in dai ba yana iƙirarin shi ne mai wurin ba. Wani lauya zai iya ce maka mutumin nan izinin kwana kawai ka ba shi, saboda haka ba ya buƙatar notis. Ana yin wannan muhawara a kotu, amma wanda ke riƙe da mukullin ɗakinsa shekara biyu, da matarsa da kayansa a ciki, ya wuce a kira shi raɓa. Ka ɗauke shi a matsayin wanda ke zaune bisa yardarka, ka bi matakan doka gaba ɗaya. Takardun tashi da za ka ba shi kafin zuwa kotu mako biyu ko uku kawai za su ci maka, su kuma toshe masa ƙofar gardama.

Sauya kwaɗo, yaye kwanon ɗaki, cire ƙofa, yanke wuta da ruwa, watso kaya waje, ɗauko matasan unguwa su tsorata shi, duk abu ɗaya ne a idon kotu: ɗaukar doka a hannu. A 1986, a shari'ar Eliochin da Mbadiwe, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa mai gidan da ya yi haka ya keta haddin mazauni, kuma zai biya diyya ko da wa'adin zaman ya ƙare. A shekarar ce dai kotun ta yi tir da gwamnatin Legas kanta saboda fitar da Ojukwu da ƙarfin bindiga daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban alƙali. In gwamnati ba ta sha ba, kai ma ba za ka sha ba. Abin da ya fi ciwo kuma, da zarar ka taɓa kayansa, zai iya cewa kuɗi kaza da sarƙar matarsa sun ɓata, kai kuma ba ka da yadda za ka ƙaryata.

'Yan sanda ma ba aikinsu ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan rikicin da ba na laifi ba ko saɓa yarjejeniya. In aka tsare shi a caji ofis da sunanka, zai iya kai ku ƙara tare a kan tauye haƙƙinsa.

Ga yadda ake yi. Da farko takardar tashi, wadda aka fi sani da notis. Ga wanda ke zaune bisa yarda ko ɗan hayar mako, kwana 7 ne. Ɗan hayar wata, wata 1. Mai biya duk wata uku, wata 3. Ɗan hayar shekara, wata 6. Wannan in babu rubutacciyar yarjejeniya da ta ce wani abu daban. Ka bincika da kyau ko wani a gidanka ya taɓa karɓar kuɗi a hannunsa duk wata, domin in yana da shaidar turawa ta banki zai ce haya ce, sai notis ɗin kwana 7 ya rushe. In akwai shakka, ka ba shi cikakken wata. Ƙari ba ya ɓata notis, ragi ne ke ɓata shi.

A takardar a sa cikakken sunansa, sunanka a matsayin mai gida, lambar gida da titi, a fayyace ɗakin da ake nufi, da irin zaman da yake yi, da ranar da zai miƙa mukulli, da ranar da aka rubuta, da sa hannu. Wajen lissafi kada a ƙirga ranar da aka ba shi takardar, kada kuma a ƙirga ranar tashin. In an miƙa ranar 1 ga wata, ka sa 10 ga wata ka huta.

In ranar ta wuce yana nan, sai takarda ta biyu: sanarwar kwana 7 cewa mai gida zai je kotu neman a karɓo masa wurinsa. Mutane da yawa suna haɗa takardun biyu su miƙa rana ɗaya don gaggawa. Kuskure ne. Ta biyu ba ta da ƙafar tsayawa sai ta farko ta cika. In lauya ko dillali ne zai sa hannu a madadinka, ka fara ba shi izini a rubuce, mai kwanan watan da ya riga na notis, domin an sha korar ƙara saboda rashin wannan 'yar takardar.

Miƙawa ita ma tana da ƙa'ida. A ba shi hannu da hannu, ya sa hannu a kwafi. In ya ƙi karɓa, wanda ya kai ya ajiye a gabansa, ya rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya gani. In yana ɓuya, a liƙa a ƙofar ɗakin a ɗauki hoto. Ka zaɓi baligi mai hankali wanda zai iya tsayawa a kotu, domin shi za a kira ya yi shaida. Saƙon WhatsApp ƙari ne kawai, kada ka dogara da shi shi kaɗai.

Za ka ji wasu na cewa tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2021 a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, sammacin kotu kansa ya isa ya gyara kuskuren notis. Hukuncin yana nan, yana kuma taimakon masu gida. Mu dai shawararmu kada ka gina ƙararka a kansa, ka yi takardunka daidai tun farko.

Bayan kwana bakwai na biyu sun cika, sai a shigar da ƙara a kotun gunduma, inda majistare ke sauraron irin wannan, ko Babbar Kotu in darajar hayar wurin ta fi ƙarfin ta ƙasa. Ka nemi a ba ka ɗakinka, kana kuma iya neman kuɗin zaman da ya yi daga ranar da notis ya cika, gwargwadon hayar irin ɗakin a unguwar, amma sai ka kawo mai shaida a kan farashin. A tsakanin nan kada ka karɓi komai a hannunsa da sunan haya, domin yin haka na iya zama sabunta masa zama. In an yi hukunci, alƙali zai sa ranar tashi. In ya ƙi, ma'aikatan kotu ne za su zo da takardar izini, da rakiyar 'yan sanda in da buƙata, su fitar da kayan su miƙa maka mukulli. Ko a ranar ba kai za ka ɗaga katifarsa ba.

Shari'ar na iya ɗaukar watanni, saboda haka ka haɗa da sulhu tun yanzu. Ka kira ƙanenka da limami ko mai unguwa, a tsayar da rana, a rubuta, kowa ya sa hannu. In ya ce ba shi da kuɗin motar kwashe kaya, biyan wannan ya fi kuɗin lauya sauƙi, amma ka biya ranar da mukulli ya shigo hannunka. Kuma notis ya ci gaba da tafiya ana cikin sulhun. Masu karatu na Kano, Kaduna da sauran jihohi su sani kowace jiha da tata dokar, amma tsarin notis biyu sannan kotu kusan ɗaya ne.

Tambaya: Mijina ya sa wani mai gadi a kangonsa da ke bayan gari, yau shekara tara. Ya gina ɗaki ɗaya a ciki da kuɗinsa. Mijin nawa ya rasu bara, yanzu mutumin yana gaya wa maƙwabta wai an ba shi kyauta. Yaya za mu yi?
— Wata uwar marayu, Kano

Amsa: Allah Ya jiƙansa, Hajiya, Ya raya abin da ya bari. Maganarki ta fi ta Alhajin Kubwa gaggawa, kuma shekara taran nan ce ta tayar mana da hankali. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi akwai hauzi: in bare ya riƙe wuri shekara 10 yana gini yana rushewa kamar nasa, mai wurin yana gari yana gani bai ce uffan ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba a sauraron ƙararsa bayan nan. Tsakanin dangi na jini ko na aure wa'adin ya fi tsawo, kotuna sukan kai shi shekara 40. Gaskiya ne hauzi ba ya hawa kan aro, haya, jingina ko amana, komai daɗewa. Amma sai an tabbatar aron ne, su kuma shaidu mutuwa suke yi, suna tashi daga unguwa. A ɓangaren dokar boko ma akwai iyakar lokacin kai ƙarar fili, shekara 12 a Abuja da Legas, 10 a wasu jihohin.

Akwai abin da ke gefenku. Da bakinsa ya ce mijinki ne ya ba shi, wato ya amsa asalin wurin na marigayi ne. Saura ya kawo shaidun kyautar, nauyin yana wuyansa. Ku kuma ku tattara naku a makon nan: takardar filin, wanda ya kawo shi gadin, wanda yake ba shi albashi, maƙwabtan da suka san ranar da ya shiga. Ku kai magana gaban mai unguwa a kira shi. In ya janye, a rubuta cewa zaman aro yake, ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu su sa nasu, a tsayar da ranar tashi. In ya dage, notis ɗin haya ba zai yi aiki a kansa ba tunda mallaka yake iƙirari, shari'ar mallaka za a yi. In filin yana da takardar mallakar da gwamna ke bayarwa, sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba Babbar Kotun Jiha ce hurumin, kada ku ɓata shekara a kotun da za a rushe hukuncinta a ɗaukaka ƙara. Ƙarar kuma da sunan magada za a shigar, ba ke kaɗai ba.

Ɗakin da ya gina kada kowa ya taɓa shi, laifin ɓarna ne. Malikiyya sun yi bayanin wanda ya yi gini a filin aro: ko a bar shi ya kwashe kwanonsa da katakonsa, ko a ƙiyasta a biya shi. Ku sa wannan a lissafi, sau da yawa shi ne ke kawo ƙarshen rigimar.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar gida ɗaya. Yayanmu da matar babanmu suna ciki, mu biyar muna so a sayar, sun ƙi fita. Za mu iya ba su notis?
— Daga Katsina

Amsa: A'a, Malam, domin ba baƙi ba ne. Muddin ba a raba gado ba, yayanku yana da haƙƙi a kowane lungu na gidan kamar yadda kuke da shi. Ita kuma matar mahaifinku, uwa ce a gare ku kuma magajiya: tana da ɗaya bisa takwas tunda akwai 'ya'ya, sannan takabarta ta wata 4 da kwana 10 a ɗakinta za ta yi, ba mai tashinta. Hanyarku ita ce neman rabon gado a Kotun Shari'a. Za a fitar da bashi da wasiyya, a tura masu ƙiyasi su yi wa gidan kuɗi. In ya rabu a raba, in bai rabu ba a ba na ciki dama su sayi kason sauran, in sun kasa a sayar a raba kuɗin. Sai bayan nan ne wanda ya ƙi fita yake zama mai zaune a haƙƙin wani, kuma kotun da ta yi rabon ce za ta fitar da shi.

Tambaya: Na dawo daga tafiya na tarar wasu sun fasa kwaɗon gidana da ba kowa, suna kwana a ciki. Su ma sai na ba su notis?
— Daga Gusau

Amsa: Waɗannan ba ka ba su izini ba, ba su da haƙƙin notis. Shiga wurin mutum da ƙarfi laifi ne a kundin dokokin laifuffuka na Final Kod, saboda haka nan 'yan sanda suna da hurumi. Ka ɗauki hoton kwaɗon da aka fasa kafin a taɓa shi, ka je da takardun gidan da maƙwabci ɗaya ka shigar da rahoto a rubuce, ko ka kai ƙara kai tsaye gaban majistare. Kada ka je musu da mutanenka, domin in aka ji wa wani rauni kai za a fara tuhuma. Abu ɗaya kan juya maganar: su fito da rasit su ce wani dillali ko ɗan'uwanka ne ya ba su haya. In haka ta faru, ka karɓi kwafin rasit ɗin, ka sa sunan wanda ya karɓi kuɗin a cikin rahoton, su kuma mazaunan ka nemi umarnin fitar da su daga kotu.