Amsa ga ƙanwata da giyar girkinta ta yi tsami

Ƙanwata, ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce Marsala ɗin da kika buɗe tun Ista, giyar inabin nan ta Italiya da ake girki da ita, ta canza ɗanɗano, kina so ki san wacce za ki saya don miyar kaza da kek ɗin Kirsimeti, da inda za ki ajiye ta. Irin wannan kwalbar ce ta taɓa sa ni zubar da hawaye.

Lokacin ina aiki a kicin ɗin wani otal a Abuja, ogan kicin ya ɗora Marsala a kanta ta saman murhu, ko murfin bai ɗaure da kyau ba. Wata huɗu tana shan zafi da tururi. Ranar wata liyafa aka ba ni kazar mutum 40, na zuba, miyar ta fito da wani irin tsami, ƙamshin nan mai kama da soyayyar gyaɗa da zabibi duk ya gudu. A gaban yaran wanke-wanke ya tsaya yana daka mini tsawa, wai hannuna ba albarka. Alhali ya san sarai shi ya ajiye ta can! Ya ɗebo miyar a cokali yana zagayawa, wannan ya ɗanɗana, wancan ya ɗanɗana. Ƙarshen wata aka zaftare kuɗin kazar daga albashina. A sito na ɓoye na yi kukana, kuma har yau bai ce mini yi haƙuri ba.

To, ki duba jikin kwalbar. In an rubuta secco, ita ce ta kaza. Dolce mai zaƙi ce, ki bar wa kek. Wadda ake sayarwa da sunan ta girki kawai, ki guje ta, gishiri ake zuba mata, sai ki ga miyarki ta yi ɗau ba ki san dalili ba.

Kada ƙarfin Marsala ya ruɗe ki. Gaskiya an ƙara mata barasa har ta kai kusan kashi 18 cikin 100, amma da zarar an buɗe, iska ta fara cin ta ke nan. Ki ajiye ta a tsaye, a firij, a ɗaure murfi tam. In ta yi rabi ki juye a ƙaramar kwalba, ki manna takarda ki rubuta ranar da kika buɗe. Da wannan wutar tamu da ba ta zama, ni giyar Madeira nake saye yanzu. A tsibirinsu na Fotugal da gangan suke dumama ta tun wajen haɗawa, shi ya sa zafi bai cika yi mata komai ba, tana yin watanni lafiya lau. Giyar Sherry ta Sifaniya kuwa, in fino aka rubuta a jikinta mako guda ta gama, ki nemi wadda aka rubuta oloroso.

Don Allah abu ɗaya kuma, tunda duk muna da kwastomomi Musulmi. Kada wani ya ce miki wuta tana ƙone barasar kaf. Ko minti 15 miya ta yi tana tafasa, kusan kashi 40 cikin 100 yana nan. Ni nakan faɗa musu tun kafin su ba da oda, in yi musu nasu a tukunya daban da romon kaza, ruwan inabi marar barasa da ɗan lemon tsami. Waccan ta Ista kuwa, zubar da ita, kada ki yi asarar kazarki.